Kafin ka rataya wa saniya na'ura, ka tambayi mai tatsarta

Ƙannena masu fitowa daga karatun kiwo, musamman ku da kuka zaga Shika kusa da Zariya kuka ga shanun NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, ga abin da ya same ni a shekarar da na fara aikin malamin kiwo.

Kaina a lokacin cike yake da gonakin Holan da nake gani a bidiyo, inda saniya ke shiga injin tatsa da ƙafarta. Da aka ba mu na'urorin rataya wa shanu a wuya, sai na ɗauka an gama. Na'urar tana ƙirga takun saniya da tuƙarta, in ta ga motsi ya yi yawa sai ta turo saƙo a waya cewa saniyar na neman bijimi. Dabarar ba laifi: wannan lokaci yana zagayowa kusan duk kwana 21, kuma ba ya cika yini guda, wanda ya rasa shi ya yi asarar mako uku.

Na tara maza a gindin bishiya a wata ruga, na yi ta zuba. Ardo ya ce, "To, madalla, ɗana." Ni kuwa ban san wannan "to" ɗin ta kunya ba ce.

An ƙera na'urar ne don shanun da ke tsaye a garke. Bunaji kuwa, farar saniyar Fulani, da ke yini tana tafiya neman ciyawa, kullum motsinta a sama yake, saƙonnin ƙarya suka yi ta shigowa. Ran da saƙon ya zama gaskiya kuma, irin bijimin yana cikin tukunyar sanyi a gari, mai yin allurar barbara ba shi da man babur. Kafin ya iso, bijimin garke ya riga shi.

Wannan ma ƙaramin kuskure ne. Babban shi ne na yi wata uku ina zuwa ban taɓa zama da mata ba, alhali a ruga madara ta mace ce. Ita ke sarrafa ta, ita ke sayarwa, ita ke riƙe kuɗin. Wata dattijuwa ce ta tare ni da ƙwarya a hannu.

"Ɗan nan, abin naka yana faɗa mana saniya na neman bijimi? Ai ko yaron da ke bin shanu ya san wannan."

"To Goggo, me ke damun ku?"

"Madarar da ake dawo mini da ita daga wurin saye."

Nan na fara aikin da ya kamata in fara tun farko. A cibiyar tattara madara suna gwada ta iri biyu: su tsoma laktomita su ga ko an ƙara ruwa, sannan su haɗa kaɗan da sinadarin alkohol, in ta guntse sun ƙi saye. Tata ba ruwa a ciki, guntsewa take yi. Dalili ɗaya jinkiri ne, don madara tana son a sanyaya ta zuwa digiri 4 cikin awa biyu zuwa uku, ita kuwa tata tana shan rana a hanya. Ɗayan dalilin ciwon hantsa ne irin wanda ido ba ya gani. Akwai ɗan faranti mai gurbi huɗu, kowane kan nono da gurbinsa. A tatsa kaɗan, a zuba ruwan gwajin ciwon hantsa da ake kira CMT, in ya yi yauƙi akwai ciwo. Kuɗin na'urar wuya ɗaya zai sayi farantan nan da yawa. Da shi muka ware shanun da ke ɓata madarar sauran. Muka kuma daina haɗa madarar saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta har sai kwanakin da ke jikin kwalbar sun cika. Matan sun riga ni sanin illar wannan, don irin madarar ba ta kama kindirmo da kyau.

Sai kofin awo da littafi. A nan ma na so in yi shirme, na nace sai lambar kunne za a rubuta. Mutanen da suka san kowace saniya da sunanta, da na uwarta! 'Yar gidan mai zuwa makaranta ta riƙa rubuta suna da litar safe. Da rani ya tsananta, littafin ne ya nuna wace saniya ke mayar da kuɗin dusa da ƙulin auduga, wace ce ke cin banza. Wadda maigidan ke alfahari da ita saboda ƙaho da tsayi tana can ƙasan shafi, bai ji daɗi ba ko kaɗan.

Ba na cewa ku guji na'urar wuya. In kun samu gona mai shanu ruwa biyu, jinin Friesian, a killace, ga abinci, ga mai allura kusa, za ta biya kuɗinta. Amma ran farko a ruga, ku je da asuba lokacin tatsa, ku gaida Ardo, ku nemi izinin magana da matan, ku bi madarar da ƙafa har inda ake sayenta kuna duba agogo. Ni da na yi hakan, awa huɗu na ƙirga tsakanin hantsa da tankin sanyi.