Godiya bayan kare kundin ƙanwarmu a Jidda

Alhamdu lillahi, ƙanwarmu ta kare kundin bincikenta na fiziks, malamai sun amince da shi. Wanda ya bi mu a makonnin nan ya san abin da aka sha, ba sai mun maimaita ba. Har yanzu gajiya ba ta sake mu ba.

Daren Lahadi ne ya fi tsaya mana a rai, saura kwana uku a kare kundin. Aikin ƙanwarmu kaf ya rataya ne a kan lamba guda, 0.12, ma'aunin yawan ɓoyayyen abun nan (dark matter, abu mai nauyi da ba a iya gani) da tauraron ɗan'adam na Planck ya auna, wanda ya kai kusan kashi 27 cikin 100 na abin da sararin samaniya ya ƙunsa. A nazariyyar sufasimitiri kowace ƙwayar zarra tana da abokiyar tagwaici, kuma wadda ta fi sauƙin nauyi a cikinsu, galibi nutiralino, ba ta rushewa muddin ƙa'idar R, wadda ke hana ta rikiɗa zuwa ƙwayoyin da aka sani zalla, ta tsaya. Shi ya sa ake kyautata zaton ita ce ɓoyayyen abun. Sai ga kwamfuta tana fitar da adadi ninkin ba ninkin 0.12. Yarinya ta yi zugum, hannunta na rawa, shayinta ya huce a gabanta.

Baffanmu malamin fiziks, ɗan garin Mai Wurno na Sudan, ya hana mu ambace shi, amma duk unguwar Hindawiyya an san wanda muke nufi. Bayan isha'i aka buga masa waya, ya zo ya ja kujerar roba, ko faɗa bai yi ba. Cewa ya yi, "'Yata, nuna mini inda kika kira micrOMEGAs." Wannan ita ce manhajar da ke lissafa yawan ɓoyayyen abun. Ashe an bar wani saiti nata mai suna Beps a kan 1, wato manhajar ta lissafa karon nutiralino da 'yar'uwarta kaɗai. Nau'in nutiralino da ake kira bino kuwa karonta rauni gare shi, dole ta yi saura da yawa. Adadinta yana tsayawa ne lokacin da zafin farkon halitta ya sauko kusan kashi ɗaya cikin 25 na nauyinta, kuma a lokacin sitau, abokiyar tagwaicin ƙwayar da ake kira tau, tana nan jingim idan tazarar nauyinsu ba ta wuce 'yan kashi kaɗan cikin 100 ba. Karon da ake yi da ita ne ke rage adadin. Aka mayar da Beps 0.00001, lamba ta sauko inda ake nemanta. Baffa bai tashi ba sai da aka sake zana jadawalin ƙarshe, ana kiran assalatu. Allah Ya jiƙan mahaifanka, Baffa, Ya haskaka kabarinsu, Ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka, Ya sa ilimin nan ya tsaya maka ranar gobe.

Mun gode wa malamin da ya tambaye ta a wurin kare kundin me ya sa LHC, babban injin kara ƙwayoyin zarra da juna, bai ga ko ɗaya daga cikin abokan tagwaicin nan ba, ga shi a samfura masu sauƙi an kore yiwuwar giluwino, ɗaya daga cikinsu, daga ƙaramin nauyi har zuwa sama da TeV 2 (TeV ma'aunin nauyin irin waɗannan ƙwayoyi ne). Tambayar ta ba ta damar bayyana cewa higisino, wani nau'in nutiralino, mai nauyin kusan TeV 1.1 ta dace da 0.12, kuma ganinta a can abu ne mai wuya.

Gwaggo, ful da tamis ɗinki, wato dafaffen wake da burodi, da filas ɗin shayi su suka riƙe mu. Allah Ya ƙara lafiya, Ya buɗa kasuwa.

'Yan'uwanmu na Makka, mun san hidima ta yi yawa. Jirgin ƙasa dai ko awa ɗaya ba ya yi zuwa Jidda, kuma kujerunku suna nan a ajiye har aka tashi.