Abin da ɗaki ke yi wa murya

A tsawon lokacin da na yi ina ɗaukar murya a gida, nan Tudun Wadar Kaduna, babban abin da na fahimta shi ne makirufo yana jin ɗakin da mutum yake tsaye a ciki kamar yadda yake jin muryarsa. Galibin ɗakunanmu bulo ne da aka shafe da siminti, ƙasa kuma tayil, kuma sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka kafin mai magana ya rufe baki muryarsa ta bugi bango ta dawo. Duk wanda ya tafa hannu sau ɗaya a ɗakin da babu kaya zai ji wannan amsa-kuwwar, kuma makirufo ma yana kwaso ta.

Aiki biyu ne a nan, mutane da yawa suna ɗaukarsu ɗaya. Akwai kashe amsa-kuwwar cikin ɗaki, akwai kuma hana ƙarar waje shigowa. Na farkon yana da sauƙi, domin katifa, bargo mai kauri, darduma a ƙasa da labule mai nauyi suna shanye sauti sosai, musamman idan aka bar ɗan sarari tsakaninsu da bango. Wurin da ya fi buƙatarsu shi ne bayan mai magana, saboda yawancin makirufon murya gabansu suke ji, ba sa kula abin da ke bayansu, wato bangon da mutum ya ba wa baya shi makirufo ke fuskanta. Tsayuwa a kusurwa tana ƙara wa murya kauri marar daɗi, tsakiyar ɗaki ma ba ta da kyau. Kwalin ƙwai da ake liƙawa a bango kuwa ban ga amfaninsa ba. Ba shi da kaurin shanye sauti, ga shi yana tara ƙurar hunturu, ga saurin kama wuta.

Na biyun ya fi wuya, domin nauyi da toshe kafa kaɗai ke tare ƙara, soso ba ya yi. Ana iya toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, amma janaretan maƙwabci da Keke Napep sai an bi su da dabarar lokaci. Ni bayan sallar isha'i nake aiki, ko da sassafe kafin yara su tafi makaranta, kuma ina duba lokutan kiran salla kafin na fara. Da damina, idan ruwa ya sauka a kan kwano, haƙuri ake yi har ya ɗauke. A irin wannan unguwa na fi son makirufo samfurin dainamik, wanda ake matsowa kusa da shi ƙwarai, a kan kondensa mai buƙatar wuta bolt 48, wanda ke kwaso har motsin fanka.

Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan wayoyin gida ba su da kyau gurnanin wannan kaɗawar yakan shiga cikin ɗauka. Cire caja a bar kwamfuta a kan batirinta sau da yawa yana kawar da shi.

Sauran lamarin na tazara ne. Kamar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirufo ya isa, tare da ɗan kyallen tace iska saboda haruffa irin su "b" da "f". Ina barin ƙarfin sauti ya tsaya kusa da -12 a ma'aunin Audacity, manhajar ɗaukar sauti a kwamfuta, domin murya mai rauni ana iya ɗaga ta daga baya, wadda ta fashe kuwa sai dai a sake ɗauka.