Daren da na fara yi wa kaina tofi

Ina da shekara 13 lokacin da aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano, wanda ke kusa da gidan Sarki, ranar 28 ga Nuwamba 2014. Yayana ya fita salla sanye da farar rigar da na goge masa da safe, bai kuma dawo ba. Tun daga makon nan barci ya zame mini abin tsoro, domin da zarar na rufe ido sai in ji an danne mini ƙirji, in kasa motsa ko ɗan yatsa, ina kuma jin muryarsa tana kiran sunana daga bayan ƙyaure.

Kakata ta ce dannau ne, maƙwabta kuwa suka ce iska ce ta shafe ni. Aka kai ni wurin masu ruƙiyya, aka yi ta karatu a kunnena, aka haɗa mini rubutun sha da hayaƙi da man habbatussauda. Ba zan ce ba su yi amfani ba, amma kullum ni ce a kwance ana yi a kaina, kuma babu wanda ya taɓa tambayata abin da ke cina.

Malamarmu ta Islamiyya ce ta fara tambaya, bayan shekara 3, sai na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ta ce, "'Yata, ke ma kina da baki, ki karanta wa kanki." Ta koya mini abin da Nana A'isha ta ruwaito, cewa Annabi (SAW) yakan karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafukansa kafin barci, ya tofa, ya shafe jikinsa sau 3. Ta ƙara mini da Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyun ƙarshen Baƙara, sannan, abin da ya ba mahaifiyata mamaki, ta nace a kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, tana cewa neman magani ba ya rage tawakkali.

Sauƙin bai zo dare ɗaya ba. Har yanzu dannau kan zo jefi-jefi, musamman idan hunturu ya shigo, sai dai yanzu nakan bari ya sake ni, in tashi in yi alwala, in yi wa Yaya addu'a da sunansa, wanda na shekara da shekaru ba na iya furtawa.