Kyoto, 25 ga Oktoba: Yankan shinkafa a Fushimi Inari

Yau ban shiga aji ba, na hau jirgin ƙasa zuwa tashar Inari, tafiyar minti biyar daga babbar tashar Kyoto, don in ziyarci Fushimi Inari, wani wurin bauta da ke gindin dutse a nan Japan. Masu yawon buɗe ido sun cika maƙil, kowa na ɗaukar hoto a ƙarƙashin dubban jajayen ƙofofin nan da suka bi dutsen har ƙololuwa. Kamfanoni da 'yan kasuwa ne ke ba da su, an rubuta sunan kowa a bayan tasa. Ni ba su suka kawo ni ba.

A gefe, inda mutane ba su cika leƙawa ba, akwai 'yar fadamar shinkafa ta wurin bautar. Yau ake yankanta, bikin da suke kira Nukiho-sai. Tun 10 ga Yuni aka yi dashe. Masu yankan suka shiga da lauje, suna kama zangarniya a tsanake, 'yan mata na wata rawa mai nauyi a sama, ana busa sarewa. Na tsaya daga baya ina kallo, don ni Musulmi ne, ibadar ba tawa ba ce. Amma ɗan manomi ya san riƙon lauje idan ya gani, kuma waɗannan hannayen sun iya.

A Shinto, addinin gargajiya na Japan, Inari shi ne abin bautar shinkafa. An kafa wannan wuri a shekarar 711, shi ne uwa ga wajen wurare 30,000 irinsa a Japan. Gumakan yanyawa da ke gadin ƙofa manzanninsa ne a wurinsu. Na matsa kusa da ɗaya: mabuɗin rumbu ne a bakinta. Wata kuma damin shinkafa ta ciza. Na daɗe a gaban mai mabuɗin nan. Ƙasar da ta yi suna da motoci da na'urori, har yau Sarkinta na shiga laka da kansa ya dasa shinkafa a fadarsa ta Tokyo. Wannan girmama noma ya taɓa ni ƙwarai.

Ba abin da za a zubar daga shinkafar da aka yanka yau. Karan za a ƙona shi a bikin wuta ranar 8 ga Nuwamba, tsabar kuma a miƙa ta ga abin bautarsu ranar 23, a bikin godiyar girbi da suke kira Niiname-sai.

A hanyar fita ana sayar da gasasshen gwara a tsinke. Mai shagon ta ce tsuntsun ɓarawon shinkafa ne, shi ya sa ake gasa shi a nan tun da. Na tuna yadda jan-baki ke hana manoman Kebbi barci, na kira Baba na ba shi labari. Ya ce in tambayar masa yadda suke korar tsuntsu a gonakinsu.