Ga Ƙanwata Mai Shirin Ƙetare Ƙasa Ita Kaɗai

Ƙanwata, duk ranar da mace ta furta cewa za ta fita ƙasar waje ita kaɗai, abin da ake fara tsorata ta da shi shi ne ɓarayi da masu satar mutane da mazan banza, kuma ba zan ce miki babu su ba. Amma a tafiye-tafiyen da na yi da ƙuruciyata, yawancin wahalar da na sha ni ce na buɗe mata ƙofa da hannuna, ta hanyar takardar da ban karanta ba, da tikitin da na saya don araha, da kuma nauyin baki a wurin da ya kamata in ce a'a. Ina so ki yi wannan tafiya domin na san daɗinta, shi ya sa zan gaya miki wuraren da na yi tuntuɓe ba tare da na rage komai ba.

Na daɗe ina ɗauka cewa wadda aka buga wa biza ta gama da tambaya. Ashe biza izinin isa bakin iyaka ce kawai, maganar ƙarshe tana hannun jami'in shige da fice, kuma yana da ikon mayar da ke inda kika fito. Ranar da na gane haka ina tsaye ne a gaban gilashinsa, ya tambaye ni adireshin masaukina da tikitin komawa da shaidar kuɗin da zan riƙe kaina da su. Duk ina da su, amma a cikin imel suke, layin wayata kuwa ya ɗauke tun kafin jirgi ya sauka. Intanet ɗin filin jirgin ya ce sai ya turo mini lamba ta wannan layin da ba ya aiki. Ina ta latsa waya, tafin hannuna ya jiƙe da gumi har gilashin wayar ya daina jin yatsana, mutanen da ke bayana suna ta gyaran murya, daga ƙarshe aka nuna mini wani benci a gefe aka ce in jira. An bar ni na shiga bayan doguwar tambaya, amma tun daga ranar nake buga komai a takarda, in sa a jakar hannu tare da maganina da sutura ɗaya ta canji, domin akwati yana iya makara ko ya ɓata.

Ki karanta sharuɗɗan ƙasar da za ki je da idonki a shafin ofishin jakadancinta, kada ki dogara da bakin dillali ko ƙawar da ta je shekaru uku da suka wuce. Ƙasashe da yawa suna neman fasfonki ya kasance da sauran wata 6 kafin ya ƙare. A yankin Shengen na Turai, mai ziyara ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma mai neman bizar sai ta nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Inda ake neman katin rigakafin cutar shawara, ki sani cewa ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka ba a barinsa sai makon tafiya, ko da yake tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ki kuma bincika ƙasar da za ki ya da zango, domin wasu suna neman bizar wucewa ko da ba za ki fita daga filin jirgi ba.

Tikiti mafi araha shi ne sau da yawa mai sauka a tsakar dare, ni kuma shi na saya ina murna na rage kuɗi. Na fito da akwatina a birnin da ban san kowa ba, jirgin ƙasa ya riga ya rufe aiki, sai wani mutum mai fara'a ya tare ni tun cikin zaure yana cewa tasi, kafin in amsa ya riga ya kama hannun akwatin. Na bi shi saboda na ji kunyar ƙwace kayana daga hannun mai murmushi. Motarsa ba ta da alamar haya, ba ta da mita, kuma a wani lungu mai duhu na wurin ajiye motoci take. Ya kai ni masauki, ya karɓi ninkin abin da ya kamata, amma kuɗin ba su dame ni kamar tsawon hanyar nan da na yi ina kallon bayan kansa ba, ina sane da cewa babu mahaluƙin da ya san motar da nake ciki. Ki ƙara kuɗi ki sauka da rana, araha ba ta ado. Ki kama ɗakin daren farko tun daga gida a wurin da mai karɓar baƙi yake kwana a bakin aiki. Ki shiga layin tasi na hukuma, ko ki kira mota ta manhajar da ke nuna lambar mota da sunan direba, ki duba lambar kafin ki buɗe ƙofa, ki zauna a baya, ki tura wa wani naki.

Kuskuren da har yau yake sa gabana faɗuwa idan na tuna shi ne na karɓar saƙo. Wata dattijuwa ce a wurin awon kaya, sa'ar mahaifiyata, ta ce mini 'yata, kayana sun yi nauyi, ki taimaka ki sa mini wannan ƙullin a jakarki, in mun sauka na karɓa. An naɗe shi da leda an liƙe da salatif, ban san abin da ke ciki ba, kuma ban iya tambaya ba, domin a tunanina tambayar za ta zama kamar na zarge ta. Da aka zo tambayar da ake yi wa fasinja, wato ko ni na haɗa kayana da kaina, ko wani ya ba ni wani abu in riƙe masa, sai na ce babu, bakina ya bushe. Allah ya tsare, na miƙa mata abinta a ɗaya ɓangaren ta yi godiya ta tafi, wataƙila ma babu komai a ciki sai tsaraba. Sai dai abin da aka samu a jakarki naki ne a idon jami'in kwastan, kuma cewa wata baiwar Allah ce ta ba ni ba ya fitar da mutum. A Singafo da Indonesiya da Saudiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa. Ko 'yar'uwa ce ta ba ki saƙo tun daga gida, ki buɗe shi a gabanta, wanda kuma ya ji haushin haka, shi ne wanda bai kamata ki ɗaukar masa ba tun farko. Amsar da na koya gajeriya ce: ki yi haƙuri, Mama, ba na ɗaukar kayan kowa. Ba kya buƙatar ƙara dalili, domin duk dalilin da kika kawo za a samo masa amsa.

Maganin da kike sha ma ki bincika shi. Tiramadol da kodin suna cikin magungunan da ake tsananta doka a kansu a Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, saboda haka ki bar kowane magani a kwalinsa, da takardar likita a tare. Idan ƙaddara ta sa aka tsare ki, sashe na 36 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Biyena ta 1963 kan ayyukan ofisoshin jakadanci ya ba ki damar neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarki. Suna iya ziyartarki su haɗa ki da lauya, amma ba su da ikon fitar da ke. Fasfonki kuwa kada ki bar shi a hannun dillali ko mai ba ki aiki da sunan ajiya, domin macen da aka riƙe wa fasfo an riƙe mata hanyar komawa gida.

Nauyin bakin cewa a'a da na ambata yana da wata fuska, wato amsa duk tambayar da aka yi miki don kada a ce ba ki da kirki. A cikin jirgin ƙasa wani ya ja ni da hira cikin ladabi, daga ina kike, karatu ko yawon buɗe ido, ke kaɗai ce, a ina kika sauka, ni kuma na amsa duka har da sunan otal. Da magariba aka kira ni daga wurin karɓar baƙi aka ce ina da baƙo. Ban sauka ba, kuma daren nan kujera na jingina a bayan ƙofa. Baƙon da kika haɗu da shi yau ba shi da haƙƙin sanin inda kike kwana, kuma kalmar ana jira na ta ishe ki rufe hira. Idan wani ya matsa miki, ki ɗaga murya, ki shiga shago ko ki tsaya kusa da mata masu yara. A jiragen ƙasa na Alkahira da Dubai da Delhi akwai tarago na mata zalla, a Tokiyo ma ana ware shi a lokutan cunkoso. Lambar gaggawa a duk ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112, a Amurka 911, a Ingila 999, ki haddace ta kafin ki sauka. Hotunanki kuma ki riƙe su sai kin bar wuri sannan ki ɗora.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Ki raba su wuri biyu ko uku, ki sanar da bankinki kafin ki tashi don kada a rufe katinki a ranar farko kamar yadda aka rufe nawa, kuma idan na'ura ta tambaye ki da wane kuɗi za a cire, ki zaɓi na ƙasar da kike ciki, domin canjin da na'urar ke yi miki ya fi tsada. Mai shiga Tarayyar Turai da tsabar yuro 10,000 ko fiye dole ta bayyana wa kwastan.

Kada duk wannan ya sa ki zaci tafiyar fargaba ce zalla, domin da haka ne da ban sake fita ba. Akwai wani farin ciki da ban taɓa samun irinsa ba sai a ranar da na karanta taswirar jirgin ƙasa da kaina, na canza layi a tashar da ta dace, na fito daidai titin da nake nema, babu wanda ya riƙe mini hannu. A Istanbul na zauna a farfajiyar masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya kammala a 1557, tun daga azahar har la'asar, babu mai ce mini tashi mu tafi, sannan na gangara na hau jirgin ruwa na ƙetare daga Turai zuwa Asiya tare da ma'aikata masu komawa gida. Mai tafiya cikin ayari da 'yan ayarinta take hira, amma wadda take ita kaɗai dole ta yi magana da mutanen gari, kuma a nan na ga alherin da ban zata ba, kamar matar da ba ma jin harshen juna amma ta sauka a tashar da ba tata ba don ta nuna mini hanya. Na dawo na san abin da zan iya, kuma wannan sanin ya bi ni har wurin aiki da sauran al'amurana. Na kuma gane cewa hattara da baƙi ba ta hana tambaya, matambayi ba ya ɓata, sai dai ki zaɓi wanda za ki tambaya, ma'aikaci mai kaki ko mai shago ko mace, maimakon ki jira wanda zai zaɓe ki.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kaɗaici, kuma da yamma yake zuwa, lokacin da kika rufe ƙofar ɗaki babu wanda za ki ba labarin abin da kika gani. Wani wurin za a ƙura miki ido saboda launin fatarki ko lulluɓinki, wani wurin a tsallake ki a layi, kuma abin yana da ciwo ko da kin yi kamar ba ki gani ba. Idan kina rufe fuska, ki san cewa Faransa ta hana hakan a bainar jama'a tun 2011, Denmak kuma tun 2018, ko da yake ɗankwali da hijabin da ya bar fuska a buɗe ba su shiga wannan dokar ba.

A irin wannan hali na yi wautar da ta fi kowace haɗari. Zazzaɓi ya kwantar da ni a ɗakin otal, ko ruwa da ƙyar nake tashi in sha, amma duk wanda ya kira daga gida sai in gyara murya in ce lafiya lau, saboda an yi ta ce mini ba zan iya ba kuma ba na so a ce ai mun faɗa. Ina da inshora, amma ban taɓa buɗe takardar na ga lambar da ake kira ba. Mai gyaran ɗaki ce ta lura da halin da nake ciki, ta sa aka kira likita. Da a ce ta bi umarnin allon da na rataye a ƙofa na kada a dame ni, da babu wanda zai san ina kwance, domin na ɓoye wa duk masu iya tambaya.

Saboda haka kafin ki tashi ki zaɓi mutum ɗaya a gida mai natsuwa, wanda ba zai ruɗe ba kuma ba zai yi miki gori ba, ki ba shi hoton fasfonki da bizarki, da lambar jirginki, da adireshi da lambar wayar kowane masauki, da lambar inshora da ta ofishin jakadancin ƙasarki. Ku tsayar da lokacin da za ki riƙa yi masa magana kullum, ku lissafa bambancin agogo tun da wuri, ku kuma yanke abin da zai yi idan lokacin ya wuce bai ji ki ba: ya fara kiran masauki ya ce a ƙwanƙwasa ƙofarki, idan ba a same ki ba ya kira ofishin jakadanci. Shi wannan mutumin, duk ranar da ya tambaye ki ya jiki, ki gaya masa gaskiya.