Abin da kaki bai koya mini ba

Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis, bayan shekara biyar ina shugabantar cibiyar nazarin tsaro a wata jami'a. Aikin ya same ni ne bayan na ajiye kaki ina Birgediya Janar, na cika shekara 35 ɗin da doka ta yanke. Na zo da girman kai, ba zan ɓoye ba. Wanda ya fito daga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna, ya shiga Laberiya da dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, wato ECOMOG, a 1990 yana ƙaramin hafsa, ya yi kwalejin hafsoshi ta Jaji, ya yi Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a Abuja, wa zai koya masa tsayuwa gaban aji?

A shekarata ta farko muka shirya kwas na mako biyu ga jami'an ƙananan hukumomi da 'yan sanda da shugabannin 'yan banga. Rana ta uku na kafa taswira a allo, ina nuna da sanda inda ya kamata a datse 'yan bindiga idan sun fito daga daji. Sai wani dattijo da ke can baya, sarkin bakan garinsu, ya ɗaga hannu. Rigarsa duk layu, takalmin roba a ƙafarsa.

"Ranka ya daɗe, wannan hanyar da kake nunawa ba ta biyuwa da damina. Fadama ce. Babur ba ya haye ta. Ta tsohon burtali suke bi."

Taswirar ba ta nuna burtali ba. Na dube shi kamar yadda nake duban kurtu a filin fareti, na ce, "Baba, nan aji ne, ba dandalin hira ba." Wasu matasan jami'ai suka yi dariya don su faranta mini. Dattijon ya ce "Allah ya ba ka haƙuri", ya zauna. Washegari kujerarsa babu kowa. Sauran 'yan bangan kuwa suka kulle bakinsu har aka gama kwas. Suna zuwa, su sa hannu, su karɓi alawus, su tafi.

Da daminar ta zauna aka kai hari wani ƙauye a yankin, aka kora shanu. Ta burtalin aka bi da su. Ban ce da na saurare shi da an hana ba, Allah kaɗai ya san wannan. Abin da ke cizo na shi ne na san darajar ilimin 'yan gari tun kafin ya buɗe baki. Ina cikin soja a 2013 lokacin da matasan Kato da Gora suka tashi yaƙar Boko Haram a Maiduguri, kowa ya ga yadda sanin lungu da sanin fuska ya yi abin da motar sulke ta kasa. Har lacca na sha yi a kai. Amma da ilimin ya zo mini sanye da layu, sai na kore shi.

Na je garinsu neman gafara. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura, ya ce komai ya wuce. Ajin dai bai sake takawa ba. Daga wannan shekarar na hana a kafa taswira sai 'yan gari sun zana tasu a takarda tukuna, kuma mafarauta biyu sun koyar a cibiyar da sunan malamai, duk da ƙorafin wasu farfesoshi cewa ba su da digiri.

Sauran darussan ba su da tsawo. A jami'a umarni ba ya tafiya, sai kwamiti ya zauna, ya ɗage zama, ya sake zama. Kada ka amince da alkawarin kuɗi da ba a rubuta ba. Direba da masinja sun fi ka sanin abin da ke faruwa.

Ga mai shirin karɓar irin wannan kujera bayan ritaya: ka tambaya tun farko ko iliminka ake so ko tauraron kafaɗarka. Ni mai gidana a jami'ar ya fi buƙatata ranar da baƙi za su zo daga Abuja, a zaunar da ni a layin gaba. Da wa'adina ya ƙare, masinja ne ya kawo mini takardar sallama, layi uku, kuma an rubuta muƙamina ba daidai ba. Kanar suka sa.