Jimla ɗaya ta kashe mana takardar koke

Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana okada, wato acaɓa, a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland. Zuwa 1 ga Satumba dokar ta iso Kosofe, inda unguwarmu ta Mile 12 take. Da yake ni ke koyar da yaran unguwa da yamma, sai 'yan okadarmu suka ce in rubuta musu koke.

Ba mu nemi a soke doka ba. Wa'adi muka roƙa saboda masu biyan kuɗin babur kaɗan-kaɗan, da izinin aiki a lungunan da mota ba ta shiga, kowa da rajista da lamba a rigarsa. Hujjar guda ce: in wasu sun yi ƙwace a kan babur, a kama su, kada a yi wa kowa kuɗin goro.

Da na karanta wa kwamiti a rumfar shugaba, wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Malam, takardar nan ba gishiri. Rubuta musu cewa in aka raba yaran nan da babur, duk sata za su shiga, Legas ba za ta ƙara barci ba." Na ce, "Baba, Allah ya ja kwana, kambamawa ce wannan, kuma da ita za a kama mu." Wuri ya ɗauki hayaniya, aka rinjaye ni, jimlar ta shiga.

Jami'in da ya karɓe mu ya karanta shafi biyu bai ce uffan ba. Da ya kai wurin, ya ɗauki jan biro ya ja layi a ƙarƙashinta, ya tambaye mu ko barazana muka kawo. Wa'adi, rajista, lamba, babu wanda aka ƙara ambata. Zaman ya ƙare muna rantsuwa cewa yaranmu ba ɓarayi ba ne.

Abin da ke ci mini rai har yau, kuɗin goron da muka je ƙorafi a kansa mu muka yi wa kanmu, da sa hannunmu a ƙasa. Jimlar ta nuna hanya biyu ce kawai, ko babur ko sata, alhali na san waɗanda suka koma dako a kasuwar gwari, da masu tuƙa keke, da waɗanda suka tafi gida noma. Ta kuma yi tsalle daga hana sana'a zuwa rashin tsaro ba tare da hujja ko ɗaya a tsakani ba.

Ba na gaba da adon harshe. Karin magana da kamantawa suna tausasa mai karatu, kuma kambamawa tana da daɗi a bakin maroƙi ko a taro, inda kowa naka ne. Takarda kuwa hannun wanda bai yarda da kai ba take zuwa, shi kaɗai, da bironsa. Shi ya sa yanzu duk koken da na rubuta sai na fara kai wa maƙwabcina Bayarabe, mai goyon bayan dokar, ya nuna mini inda zai kama ni. Duk inda na ga "duk" ko "babu wanda", sai na tsaya na tambayi kaina ko zan iya kare shi.

Baba kuwa har gobe yana nan a kan cewa takardar ce ta yi sanyi, kuma rabin kwamiti na bayansa.